Babi na Shida: Fatake Masu Sanda Goma Sha Huɗu

A 1988 wani saurayi ɗan tsibirin Fiji mai suna Vijay Singh ya sauka a Legas da jakar sandunansa. Ba wanda ya san shi, ba shi da kati a kowace babbar ƙungiyar gasar golf, ga kuma ƙura a bayansa: shekara uku kafin nan an dakatar da shi daga gasannin Asiya bisa zargin ya gyara takardar makinsa a Indonesiya, zargin da bai taɓa amincewa da shi ba. Bayan dakatarwar ya tare a garin Keningau na tsibirin Borneo, yana koyar da wasa a wani ƙaramin kulob, yana tara na tikiti. A filin Ikoyi ya ci gasar Nigerian Open, kafin shekarar ta ƙare ya samu katin shiga gasannin Turai, a 1989 ya sake cin ta Nijeriya ya haɗa da ta Kodibuwa. Abin da ya biyo baya masu bin wasan sun san shi: PGA Championship a 1998 da 2004, Masters a 2000, sannan a Satumban 2004 ya ture Tiger Woods daga matsayin na ɗaya a duniya, a shekarar da ya ci gasa tara ya zama mutum na farko da ya tara sama da dala miliyan 10 a kaka guda. Shekara goma kafin zuwan Singh, Sandy Lyle na Sikotilan shi ma a Nigerian Open ta 1978 ya fara ɗaga kofi a matsayin ƙwararre, ya je ya ci Open a 1985 da Masters a 1988. Ke nan Afirka ta Yamma ta taɓa zama matakalar da wasu suka taka suka hau ƙololuwar wannan wasa. Tambayar da ta dace mai karatu a Damagaram ya yi ita ce me ya sa matakalar ta ɗauki baƙi ta bar 'yan gida. Amsar da aka saba bayarwa, wai ba mu da ciyawa ko wasan na Turawa ne, ba ta kai ga jijiyar maganar ba. Jijiyar tana cikin yadda aka gina sana'ar kanta.

Ɗan ƙwallon ƙafa ma'aikaci ne. Kulob ya saye shi, ya biya masa jirgi da masauki da likita, albashinsa na shiga ko ya buga ko yana benci. Ɗan golf da ke zagayen gasannin duniya shi ne ubangidan kansa, shi ne kuma yaron kansa. Gasa takan fara ranar Alhamis ta ƙare Lahadi, rami 18 kowace rana, 72 gaba ɗaya, kuma wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Mutum 144 ko 156 kan fara, amma bayan kwana biyu sai a yi tankaɗe: 65 na sama da waɗanda suka yi kunnen doki da na ƙarshensu su wuce, sauran su tattara nasu ya nasu. A al'adar wasan wanda tankaɗe ya zubar ba shi da ko sisi a kuɗin gasar, alhali ya riga ya biya jirgi da otel da abinci, ya kuma biya mai ɗaukar masa jaka kuɗin mako. Idan ya yi nasara ma, mai jakar yana da kasonsa, wanda bisa al'ada yakan kai kashi 10 cikin ɗari in an ci kofi. Rabon kuɗin kuma ya karkata sama ƙwarai, domin a Amurka zakara shi kaɗai yakan kwashe kashi 18 cikin ɗari. Mutum na iya buga wasa mai kyau wata biyu a jere, bugu ɗaya ko biyu na raba shi da tsallake tankaɗe kowane mako, ya dawo gida da bashi. A ƙarshen kaka kuma a duba jerin samu, wanda ya faɗi ƙasa da layi a karɓe katinsa, ya koma makarantar neman cancanta, wadda a Turai take da mataki uku, na ƙarshe zagaye shida a Sifaniya. Su kansu masu tafiyar da gasannin sun gane nauyin ya yi yawa. Bayan da kuɗin Saudiyya suka kafa LIV Golf a 2022 da kwangilar da ba ruwanta da tankaɗe, PGA Tour ta lamunce wa cikakkun mambobinta dala 500,000 a kaka, ta Turai kuma, wadda yanzu ake kira DP World Tour, ta lamunce dala 150,000, sama da sefa miliyan 80. Sai dai wannan lamuni na wanda ya riga ya shiga ɗaki ne. Mai ƙwanƙwasa ƙofa har yanzu da guzurinsa yake tafiya.

Mutumin Damagaram bai kamata wannan tsari ya zame masa baƙo ba, domin fatauci ne sak. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya ƙarfafa garun Birni ya kuma sa aka ƙera igwa a cikin gari, ayarin da ya taso daga Tarabulus yakan biyo Gadamas da Gat da Abzin, ya sauke kaya a unguwar Zango kafin ya ƙarasa Kano. Falke yana fita da jari, nasa ko na bashi, ya yi watanni a hanya, ribarsa kuwa sai ya dawo da gashin jimina da fatu ake saninta. Abu uku ke raba falken da zai yi arziki da wanda hanya za ta cinye: jari, da ubangidan da zai tsaya masa idan tafiya ɗaya ta ɓaci, da zango-zangon da ba su yi wa juna nisa ba. Attajirai irin su Malam Yaro na Zango sun yi ƙarfi ne don suna iya jure asarar ayari ɗaya su sake tura wani. Jarumtakar madugu da sanin taurari suna da amfani, amma jarumi marar rijiya a gabansa gawa ne. Kuma lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1911, kaya suka juya suka nufi teku, ba jarumtaka ce ta ƙare a Damagaram ba, hanyar ce ta mutu, zangunan suka bushe.

Haka ta faru da golf a wannan yanki. Daga ƙarshen shekarun 1960 akwai jerin gasanni da ake kira Safari Circuit, wanda ya haɗa Nijeriya da Kenya da Zambiya, daga baya Kodibuwa da Zimbabuwe. Dalilin kafuwarsa a fili yake: daga Janairu zuwa Maris sanyi ya rufe filayen Ingila, matasan ƙwararru ba su da inda za su buga, kamfanoni a Legas da Nairobi kuma suna da kuɗin talla. Seve Ballesteros ya ci ta Kenya a 1978, Ian Woosnam ya ci ta Zambiya a 1985. A Ikoyi ne Peter Tupling ya gama rami 72 da bugu 255 a 1981, makin da ya daɗe ana ambatonsa a littattafan bajinta. Amma an gina zagayen ne don baƙo mai jiran bazarar Turai. Shi yana zuwa da tikitin komawa da katin da zai nema a gida. Ɗan ƙasa da ya taso yana ɗaukar jaka a Ikoyi ko Kaduna yana samun mako ɗaya a shekara ya gwada kansa da gwanaye, in ya yi abin kirki ya samu ɗan abin da zai ci, sannan ya jira baɗi. Babu kuɗin bin ayarin zuwa Lusaka da Nairobi, balle Sifaniya. Da gasannin Turai suka fara neman rana a wasu wurare, Tunisiya a 1982, Dubai a 1989, ga naira ta karye tun daga 1986, sai baƙin suka daina zuwa. An haɗe ragowar zagayen cikin rukuni na biyu na Turai a farkon shekarun 1990, Nigerian Open ta dushe. Kenya ta riƙe tata har aka ɗaga ta zuwa babban rukuni a 2019, Afirka ta Kudu na da nata Sunshine Tour. Daga Dakar zuwa tafkin Chadi kuwa babu gasar da manyan 'yan wasan duniya ke sawa a jadawalinsu. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin makin jerin gwanayen duniya, wanda aka fara a 1986, a gasannin da aka amince da su kawai ake samunsa, kuma da shi ake zaɓen mutum 60 da ke shiga Olamfik tun da aka maido da golf a Riyo a 2016.

Za a ce ai baiwa ba ta ɓuya, kuma akwai misalan da ke goyon bayan mai wannan magana. Ballesteros ɗan manomi ne a ƙauyen Pedreña, ya koyi wasa a bakin teku da sanda guda, ya ɗauki jakar masu kuɗi, ya mutu a 2011 da manyan kofuna biyar. Siddikur Rahman na Bangladesh yaron tsintar ƙwallo ne a kulob ɗin Kurmitola da ke Dhaka, sandarsa ta farko kan ƙarfe ne da aka liƙa wa rodi, amma ya ci Brunei Open a 2010 da Indian Open a 2013, shi ne ma ya riƙe tutar ƙasarsa a Riyo. Idan yaron Dhaka ya iya, me zai hana yaron Garin Malam ko Sabon Gari? Sai dai a sake duba labaran da kyau. Gidan su Ballesteros yana kallon filin golf, yayyensa ƙwararru ne, kawunsa Ramón Sota ya riga shi buga Masters, kuma Turai gaba ɗaya tana gabansa a tafiyar mota. Siddikur ya samu hukumar golf ta ƙasarsa ta ɗauke shi, ya samu gasannin Indiya a maƙwabta ya goge a can, sannan ya hau na Asiya. Talauci bai hana su ba saboda talaucin nasu yana jingine da katangar kulob, kuma zango na gaba yana kusa. Labarin da ya fi tona asirin lamarin shi ne na Papwa Sewgolum, mai ɗaukar jaka a Durban wanda bai yi boko ba, mai riƙon sanda a juye. Sai da wani ɗan kasuwa, Graham Wulff, ya ɗauke shi a jirginsa zuwa Turai sannan duniya ta san shi. Ya ci Dutch Open a 1959 da 1960 da 1964, ya doke Gary Player a Natal Open ta 1965. Da gwamnatin wariyar launin fata ta toshe masa gasanni da tafiya, baiwar tana nan yadda take, amma ya mutu a 1978 hannu babu komai. A ɗaya ɓangaren, Louis Oosthuizen ɗan manomi ne da gidauniyar Ernie Els ta ɗauki nauyinsa tun yana yaro, ya ci Open a 2010. A duk waɗannan labarai ba a rasa wanda ya biya kuɗin hanya.

Wasu kuma za su ce a bar kaza cikin gashinta, wasan ba namu ba ne, na Nasara ne da manyan ma'aikata. Gaskiya ne cewa filayen da ke ƙasar Hausa da kewayenta sun bi sawun Ingilishi ne: na Kano da Kaduna da Zariya don jami'an mulki da 'yan kasuwa, na Rayfield a Jos don masu haƙar kuza. Bafaranshe bai zo da wannan sha'awa ba, shi ya sa Zinder, wato Damagaram, duk da ta riƙe hedkwatar mulkin Nijar daga 1911 zuwa 1926, ba ta gaji irin wannan fili ba. Amma baƙuncin wasa bai taɓa hana Bahaushe mallakarsa ba. Folo ma Ingilishi ne suka kawo shi, sai Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da ake labari, har yau Katsina da Kano da Kaduna ba su rasa gasar folo duk shekara. Bambancin shi ne folo ya tarar da doki da barga da sarauta mai son a gan ta a kan sirdi, wato ya tarar da iyayen gida. Golf ya tsaya bayan shinge, 'yan unguwa suna shiga ta ƙofar baya a matsayin masu ɗaukar jaka, kuma ƙwararrun Nijeriya da dama ta wannan ƙofa suka fito. Hannu da ido ba su yi ƙaranci ba. Nijar ma ta nuna haka a wasannin mutum ɗaya: Issaka Daboré ya ɗauko tagulla a damben Olamfik na Munich a 1972, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ɗauko azurfa a tekwando a Riyo, ya zama zakaran duniya a 2017. Alfaga kuwa a Jamus ya yi atisayen da ya kai shi can, a wasan da hukumarsa ke biyan kuɗin tafiya.

Ƙorafi na uku ya fi sauran haɗari don yana da daɗin ji a bakin 'yan siyasa: to a gina fili mana, ai Dubai ma hamada ce. Dubai ta buɗe filinta mai ciyawa a 1988, yanzu a can ake rufe kakar gasannin Turai, kuma ta ci riba a yawon buɗe ido. Amma bayan sama da shekara talatin ba a ga ɗan ƙasar a sahun gaba na duniya ba, abin da ke nuna ciyawa ita kaɗai ba ta haifar da gwani. Ga Damagaram kuma maganar ta wuce asarar kuɗi. Cikakken fili yana cin kadada 50 zuwa 70, kuma a ƙasa mai zafi sai an shayar da shi kullum. Garin da ruwan samansa ke tsayawa wajen milimita 400 a shekara, wanda yake zaune a kan dutsen da ba ya riƙe ruwa, wanda ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar na ɗauke masa hedkwata zuwa Yamai, wanda sai an jawo masa ruwa daga Gogo da Machaya da Arunguza, mata da 'yan ga-ruwa suna layi a famfo da bazara, ba garin da za a shayar da ciyawar wasa ba ne. Duk wanda ya kawo wannan shawara a majalisa ya kamata a tambaye shi unguwar da za a rufe wa famfo. Abin da ake mantawa shi ne golf ɗin Afirka ta Yamma a kan yashi ya girma. A maimakon shimfiɗar ciyawa a bakin rami, ana daddale yashi ne da baƙin mai, a share shi bayan kowane bugu. Haka aka daɗe ana yi a Kano da sauran filayen Arewa, haka ake yi a filin da ke wajen Yamai a hanyar Tillaberi. Irin wannan bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ba, kuma yashi ba abin da Damagaram za ta saya ba ne. Iyakarsa dai a san cewa yaron da ya koyi gangara ƙwallo a yashi sai ya sake koyo a ciyawa, domin gudun ƙwallon da karkatarta daban ne, kuma kusan rabin bugun gwani a kusa da rami yake.

Saura mai cewa duk wannan surutu ne a jihar da ke fama da tsadar hatsi da makarantun zana. A nan ba ni da ja: kuɗin baitulmali ba su da hurumi a golf, kuma da wuya a ga ɗan Damagaram a Masters nan kusa. Amma lissafin da sana'ar ɗan golf ta fito da shi fili ya shafi wasan da yake namu na gado. Tun 1975, lokacin da aka yi ta farko a Tawa, kokowar takobi ke zagaya manyan garuruwan jihohi, kowace jiha da 'yan kokowa goma. Damagaram ta ba da Langa-Langa, wanda filin kokowar garin ke ɗauke da sunansa. Wanda ya ɗauki takobi yana samun doki da kuɗi da kyautar masu hali, makaɗa su wasa shi, ƙasa ta san sunansa. Sauran fa, da sauran watannin shekara? Yawancinsu gona suke komawa ko kasuwa, suna jiran wani alhaji ya tuna da su. Matsayinsu ɗaya da na mai ɗaukar jakar Ikoyi: babbar gasa guda a shekara, sai dogon jira. A Senegal, inda 'yan kasuwa masu shirya karawa da kamfanonin waya da gidajen talabijin suka mayar da kokowa sana'ar duk shekara, manyan 'yan wasa na sa hannu a kan miliyoyin sefa masu yawa kafin su shiga fili, kuma yaro na ganin matakan da zai bi daga unguwa zuwa babban dandali. Ƙarfin ƙwanji bai bambanta Dakar da Zinder ba.

Ga yaron Damagaram da ya ga golf a wayarsa ya ji yana so, zango mafi kusa shi ne Kano, kimanin kilomita 240 ta Matamaye da Daura, ya fi masa Yamai kusa nesa ba kusa ba. Daga Kano sai Kaduna, sai filin IBB na Abuja mai ciyawa, sai ƙananan gasannin ƙungiyar ƙwararrun Nijeriya, sannan in da mai tsaya masa, makarantar cancanta ta Sunshine Tour a Afirka ta Kudu, inda 'yan Nijeriya irin su Andrew Oche Odoh suka gwada sa'arsu. Kowane mataki yana buƙatar wanda zai ɗauki asarar shekara biyu ko uku ba tare da ya ga riba ba, kuma matakin farko ma yana buƙatar iyaka a buɗe. Nijeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Yaron da ya fara koyo a Kano yana ɗan shekara 14 a 2019, kafin ya cika 19 ya yi asarar kusan shekara biyu a bakin shingen Ɗan Barto, a daidai shekarun da takwaransa na Durban ko Dhaka ke buga gasa kowane wata.